Kujerar Jaririya Ta Sha Ado

Wani ne aka yi masa haihuwar fari, aka samu 'ya mace. Shi dai mutumin nan abu biyu ya sa a gaba a rayuwarsa: motarsa, da kuma a ce ya iya. Motar tsohuwa ce, ta girmi aurensa da shekara goma sha biyar, amma in ka leƙa cikinta sai ka rantse shagon kayan kwalliya ne aka sa wa tayoyi. Sitiyari ya sha rigar gashi. Madubin tsakiya na rataye da abin ƙamshi kala uku, kowanne na kokawa da ɗan'uwansa a hancin fasinja. Akwai shuɗɗan fitilu a ƙarƙashin kujeru. A gaba kuma akwai wani ɗan karen roba mai gyaɗa kai, wanda duk duniya shi kaɗai ne ke yarda da maganar gogan naku.

A kamfanin ɗab'i yake aiki, inda ake buga kalanda da takardun talla da 'yan littattafan bayanin nan da ake sakawa cikin kwalin sabon kaya. Shi ya sa bai taɓa karanta ko ɗaya ba. Kana ce masa ya duba littafin bayani zai yi maka kallon tausayi, ya ce ai su suke buga su, ya san babu komai a ciki, don a cika kwali ake yi. Da wannan zurfin ilimi ya ƙona dutsen guga biyu da injin markaɗe, ya kuma haɗa gadon jaririya ƙofarsa na kallon bango.

Matarsa malamar lissafi ce, mai sanyin murya. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga harshe. Tambaya ɗaya take yi maka, ka wuni kana neman inda za ka sa kanka. Tana da yaya, wani mutum mai 'ya'ya uku da farar mota wadda ko sitika ɗaya babu a jikinta, kamar firij. Shi ma ba ya yawan magana. In ya ga motar gogan naku, iyakarsa ya zagaya ta sau ɗaya, ya tambaya ko har yanzu tana tafiya ko kwalliyar kawai take yi.

To, ranar da aka sallami mai jego daga asibiti, nas ta ce ba ta so ta ga jaririya a mota sai cikin kujerar jarirai. Gogan naku ba shi da ita. Yayan matar kuwa akwai ta autarsa a kafe a kujerar baya ta farar motar nan tasa mai kama da firij. Haka aka ɗauki uwa da 'ya a motar yaya, shi kuma uban 'ya ya biyo su a baya da shuɗɗan fitilunsa, ɗauke da bokiti da filas da jakar zannuwa. Abin nan ya tsaya masa a rai. Sati shida ya yi, duk lokacin da ya ga bokitin sai ransa ya ɓaci.

Da allurar riga-kafi ta matso, matar ta ce masa ranar Alhamis da safe za su koma asibiti. Ko dai a wayi gari da kujera a motarsa, ko ta kira Yaya. Ta yagi takarda ta rubuta masa nauyin yarinya da tsawonta da kwanakinta, ta ce ya miƙa wa masu shago, abin da suka ba shi ya karɓa, kada ya ƙara, kada ya rage. Ya ce ta raina shi ne, shi da ya haɗa gadon nan da hannunsa. Ta dubi gadon, ta dube shi, ta ci gaba da ninke kaya.

Ranar Talata da ya tashi daga aiki ya nufi shagon kayan jarirai. A hanya ya tsaya duba baƙin mai, ya laluba aljihu ya samu wata takarda, ya goge sandar gwaji da ita tas, ya yar.

Mai shagon wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, wadda da ganinta ta ga iyaye maza kala-kala har sun daina ba ta mamaki. Ta tambaye shi nauyin yarinyar. Ya lalubi aljihun dama, ya lalubi na hagu, sai ya tuna da baƙin mai. Ya gyara tsayuwa.

"Kamar batirin babur take, Hajiya. Sai dai ta fi shi laushi."

Ta tambayi tsawonta. Ya ware hannu biyu. Tana kallonsa hannun na ƙara buɗewa, har ya kai tsawon ɗan firamare. Ta ce ya kira uwar. Ya kira. Matar ta ce kilo huɗu da rabi, sannan cikin sanyin murya ta tambaye shi ina takardar da ta ba shi. Nan take layi ya lalace, ya yi ta "halo, halo" har ya kashe.

Tun shigowarsa idonsa na kan wata ƙatuwar jar kujera mai wurin ɗora hannu, don ta dace da kafet ɗin motarsa. Dattijuwar ta ce ta 'yan shekara huɗu ce. Ya ce ai gara haka, yarinya za ta girma ta cika ta. Ta ce ba takalmi ba ne da za a cusa masa takarda a gaba kafin ƙafa ta kai. Sai ya ce dama wani abokin aikinsa ya yi masa tayin wata tsohuwa kyauta, wadda aka taɓa yin hatsari da ita ba ta ko fashe ba, a ganinsa ma ita ta fi, tunda ta riga ta san aiki. Dattijuwar ta ce wadda ta sha karo ta gama aikinta, ko da ido bai ga tsaga ba. Ta ɗauko masa wata 'yar toka-toka mai kama da kwando, babu fure babu zane, ta ce ita ce daidai da jaririyarsa. A kujerar baya ake kafa ta, kuma baya take kallo.

Nan ran maza ya ɓaci.

"Baya kamar yaya? 'Yata ta juya mini ƙeya tun tana sati shida? In ta kai shekara goma sha biyar kuma fa?"

Ta yi masa bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa wanda ya farfaɗo daga suma. Wuyan jariri bai yi ƙwari ba, kansa kuwa da nauyi. In aka taka birki da ƙarfi, bayan kujerar ne zai tallafe kai da wuya tare. Ya ce to shi a gaba yake son ta, gefensa, yadda in sun tsaya a danja mutane za su gani. Ta ce a gaba akwai jakar iskar nan da ke fashewa in an yi karo, ba a haɗa ta da kujerar jariri. Ya ce wannan ba abin damuwa ba ne, tasa ta daɗe tana kunna masa wata 'yar jar fitila, amma ya yi maganinta, ya manna sitika a kai.

Dattijuwar ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta nuna masa wani kwanan wata da aka buga a ƙarƙashin kujerar, ta ce in ya wuce ba a ƙara amfani da ita, don roba ma tana gajiya. Ya tambaya shin kujera ya zo saya ko madara.

Da zai fita ta dafa kwalin, ta yi masa magana ta ƙarshe.

"Ɗana, abu ɗaya nake roƙonka. Abin da bai zo cikin kwalin nan ba, kada ka haɗa shi da kujerar. Ko matashi, ko soso, ko rigar maɗauri. Haka aka gwada ta, ita kaɗai. Maɗaurin ya kwanta a jikin yarinya, babu wani abu mai kauri a tsakani. Sauran bayani yana cikin littafi."

Ya ce to, ya gode. Yana fita ya gano bakin zaren: ba ta sayar da kayan ado, shi ya sa take kushe su. Ya yi murmushi irin na wanda ba a cuta.

Bai zarce gida ba. Ya biya wurin mutuminsa mai sayar da kayan adon mota, wanda rabin abin da ke cikin motar nan daga hannunsa ya fito. Mutumin ya tare shi da fara'a, ya yi masa barka, aka buɗe kwali. Ya daɗe yana kallon kujerar, fuskarsa cike da jimami.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan taka ce ta cikinka, ko riƙo aka ba ka?"

Gogan naku ya ce tasa ce mana.

"To me ta yi maka da za ka ɗora ta a kan wannan? Ai ko mai jiran layin cire haƙori ya fi ta samun wurin zama."

Maganar ta shige shi. Aka fara fito da kaya. Shimfiɗar gashi mai santsi, fara sol, don bayanta. Matashin wuya. Rigunan maɗauri masu kan zomo, kaurinsu kamar burodi. Wani ƙyalle da ake ɗaure goshi da shi, wai kada kai ya langaɓe in ta yi barci. Madubi mai bakin ƙarfe. 'Yar fanka mai maƙalewa. Wata sanda mai lanƙwasa da tsuntsayen roba ke reto a jikinta. Har da wurin ajiye kofi, ga yarinyar da ko yatsunta ba ta gama gane nata ba ne. Da ya ga mai shagon ya juya zai sake shiga ciki, sai maganar dattijuwa ta faɗo masa, ya tambaya a sanyaye ko an gwada kayan nan.

"Shekarata tara ina sayar da su. Har yau babu wanda ya taɓa dawowa."

Gogan naku ya ce shaida ba ta wuce wannan ba.

Da ya isa gida kwalin kawai ya shigar falo, ledojin ado ya bar su a but ɗin mota. Matar ta duba kwali, ta karanta abin da ke jiki, ta ga daidai ne. Ta tambaya ko ya ƙara wani abu. Ya ce ko allura. Ta ce to madalla, ta miƙa masa littafin bayani. Ya karɓa da yatsa biyu kamar an ba shi mataccen ɓera.

Ranar Laraba ya nemi hutun yini a wurin aiki, ya ce harka ce ta lafiyar iyali. Tun da hantsi ya buɗe ƙofofin mota huɗu a harabar gidan hayar da suke, ya zube kaya a ƙasa kamar mai shirin yin gwanjo. Abu na farko, ya juyar da kujerar ta kalli gaba, don shi ba a juya masa ƙeya a motarsa. Ta ƙi zama daidai, tana ta girgiɗi. Sai a lokacin littafin bayani ya yi masa amfani karo na farko a rayuwa: ya ninke shi biyu ya cusa a ƙarƙashi, girgiɗi ya ragu. Bel ɗin mota kuwa ya zura shi ta duk ramin da ya karɓe shi, wanda ya ƙi karɓa ya ce na shan iska ne. Da ya ga har yanzu tana ɗan motsi, ya kunto igiyar shanyar maƙwabciya ya ƙara mata ɗauri biyu, irin wanda ake yi wa katifa a saman mota ranar tashi daga gida.

Sannan aka shiga ado. Shimfiɗar gashi ta kwanta, matashi ya hau kanta, zomaye suka hau maɗauri. Da maɗaurin ya ƙi haɗuwa saboda kaurin kaya, ya sassauta shi har ƙarshe, ya ce dama mugunta ce a matse jariri. Shi madubin nan an yi shi ne don direba ya hango jaririn da ke kallon baya. Tunda tasa gaba za ta kalla, sai ya kafa shi a gabanta don ta riƙa duba kanta, mace ce. Wajen azahar ya ja da baya, hannu a ƙugu, riga sharkaf da gumi, yana kallon aikinsa. Ba don idon mutane ba da ya tafa wa kansa.

Matar ta leƙo ta taga da jaririya a kafaɗa. Ta kalli motar na ɗan lokaci.

"Ka gwada?"

Ta saki labule.

Tambayar nan ta hana shi cin abincin rana. Can ya tuna ya taɓa gani a talabijin yadda kamfanonin mota ke yin gwaji da mutum-mutumi. Shi ba shi da mutum-mutumi, amma akwai mai sayar da kayan marmari a bakin babban titi, kuma yana da sikeli. Ya lallaɓa ya ɗauki hular jaririya da shawul ɗinta daga kwandon wanki, ya ja mota. Sai da aka auna kankana bakwai kafin a samu mai kilo huɗu da rabi cif. Mai kankana ya zaro wuƙa zai ɗan fasa ta ya nuna masa ja ce, gogan naku ya riƙe hannunsa, ya ce kada ya kuskura ya taɓa masa ita.

A nan gaban tebur ya sa mata hula, ya naɗe ta da shawul, ya ɗauki biro ya yi mata ido biyu da baki, don gwaji ya yi kama da gaske. Ya kwantar da ita cikin gashi, ya ɗaure mata goshi, ya kunna mata fanka. Mai kankana na tsaye da wuƙa a hannu yana kallo har motar ta sha kwana.

Akwai wani titi a bayan rumbunan ajiyar kaya, miƙaƙƙe, ba kowa. Nan ya nufa, yana tuƙi yana waiwaye yana tambayar kankana ko iskar ta yi mata yawa. Karo na farko ya taka birki a hankali, babu abin da ya motsa. Ya tambayi karen roba ko ya gani. Kare ya gyaɗa kai. Karo na biyu ya ɗan ƙara, tsuntsaye suka yi lilo suka tsaya. Ya ce wannan ai wasan yara ne, kamfani ba haka yake gwaji ba. Ya koma farkon titi, ya ba ta wuta har sitiyari na rawa cikin rigarsa, sannan ya tattara ƙarfinsa duka ya danna birki.

Kayan sun iso gaba bi da bi, kamar ana kiran sunansu. Madubi ne ya fara zuwa, ya gaida ƙeyarsa. Fanka ta biyo baya tana kan juyawa. Wurin ajiye kofi ya wuce ta gefen kunnensa, tsuntsaye suka yi tashinsu na farko a duniya. Sannan ita uwar gayyar. Ta suɓuce daga cikin gashin nan mai santsi kamar jiƙaƙƙen sabulu, ta ratsa tsakanin zomaye biyu ko sallama ba ta yi musu ba, ta bi ta tsakanin kujerun gaba da hularta da shawul ɗinta, ta tarwatse a jikin gilashi.

Komai ya yi ja. Gilashi, sitiyari, rigarsa, fuskarsa. Karen roba na tsaye cikin jan ruwa yana gyaɗa kai da sauri-sauri.

Gogan naku ya buɗe ƙofa da ƙyar, dafe da ƙeya. Ya tsinci 'yar hular a kan sitiyari, ya zauna ƙafafu a waje yana juya ta a hannu, tana ɗiga. A haka wani ɗan sanda mai sintiri a babur ya same shi. Ɗan sandan ya ga baƙin sawun taya a titi, ya ga kujerar jariri babu kowa a ciki, ya ga shawul jage-jage, ya ga hular da ba ta kai tafin hannu ba. Ya cire hular kwanonsa a hankali.

"Malam, me ya faru a nan?"

"Gwaji nake yi, yallaɓai. So nake in ga ko za ta fita in na taka birki. Ta kuwa fita."

"Da gangan ka taka?"

"Da gangan mana. Sau biyu na taka ba ta motsa ba, sai da na ƙara gudu."

Ɗan sandan ya dafa babur ɗinsa. Da wata murya da ba tasa ba, ya tambaye shi watanta nawa.

"Ban tambaya ba gaskiya. Ɗazu na karɓo ta a bakin titi. Bakwai aka auna mini, ita ce ta yi daidai."

"Matarka ta san abin da kake yi?"

"Ai ita ta ce in gwada. Kada ka damu, yallaɓai, akwai su da yawa a wurin. In na gyara ɗaurin sai in koma in ɗauko wata."

Ɗan sandan ya zauna a gefen titi, ya zaro rediyon oba-obarsa, ya kasa tuna maɓallin da ake dannawa. Gogan naku ya ga bawan Allah ya galabaita, ga rana, sai tausayi ya kama shi. Ya miƙa hannu cikin mota ya ɗauko wani ɓari mai kyau, ya miƙa masa, ya ce ya ɗan taɓa, ashe ta nuna sosai.

Sai da ɗan sandan ya ga baƙaƙen 'ya'yan kankana a jiki sannan numfashinsa ya dawo. Da ya dawo kuwa, ya dawo da ƙarfinsa. Abin da ya faɗa wa gogan naku ba zai maimaitu a gaban manya ba. Ya ce motar nan ba za ta motsa ba sai wani mai hankali daga danginsa ya zo. Aka kira matar. Ta saurari labari har ƙarshe ba ta katse ba, ta tambaya ko farar hular ce ko mai ruwan hoda, sannan ta ce za ta turo mutum.

Ba sai na gaya muku wanda ta turo ba. Farin firij ya tsaya a bayansu, ba ƙara ba hayaƙi. Yaya ya fito, ya gaisa da ɗan sanda, ya zagaya motar sau ɗaya kamar yadda ya saba, ya leƙa ciki, ya daɗe.

"Allah sarki. Ita kankanar dai ba ta da kawu ne, shi ya sa ta shiga motarka."

Ɗan sandan ya zaro littafin bayani daga ƙarƙashin kujera, a jiƙe, ya buɗe shafin farko ya ɗora masa yatsa a kan hoto: ga kujera tana kallon baya, ga hoton matashi an ja masa jan layi. Yaya ya ce ya kwashe tarkacen nan kaf, ya mayar wa mai igiya igiyarta, ya juya kujera, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, aikin minti goma ne. In kuma ya kasa ba komai, shi dama gobe da safe hanyarsa ce. Gogan naku ya yi ta gyaɗa kai, shi da karensa.

Amma a hanyarsa ta zuwa wurin wankin mota ya yi nazari mai zurfi, irin nasa. Me ya sa kankana ta fita? Saboda babu abin da ya tare ta. Ke nan kaya ba yawa suka yi ba, kaɗan suka yi. Masu wanki suka kwashe awa biyu suna tsince 'ya'yan kankana daga ramukan iska, ana gamawa ya koma wurin mutuminsa. Mai kayan ado ya yi mamakin ganinsa ƙwarai, ya ce shi ne na farko da ya taɓa dawowa. Ya saurari abin da ya faru, ya girgiza kai, ya ce laifinsa ne da bai nuna masa raga ba tun jiya.

Aka ƙaro raga. Aka ƙaro matashi biyu na gefe da ɗaya na ƙafa, da sandar soso da za ta gitta ta gaban ƙirji, da sabuwar shimfiɗar gashi tunda waccan ta zama ruwan hoda har abada, da 'yar lema, da akwatin kiɗa, da zaren fitilu masu ƙyalli. Aka kawo leda mai kauri, garai-garai, aka lulluɓe komai. Kujerar dai ya juya ta ta kalli baya, kada a ce ba ya jin shawara. Sauran kaya kuwa kowanne ya bi shi da gam mai ƙarfi da wayar ɗauri, domin ya koyi darasi: wannan karon ko motar ce ta kife, babu abin da zai tashi.

Alhamis da safe matar ta fito da jaririya a hannu, jakar kaya a kafaɗa, katin asibiti tsakanin yatsu. A wajen get farin firij na tsaye, injin a kunne. Yaya na ciki yana danna waya, wai wucewa ya zo yi ya tsaya amsa saƙo. Gogan naku ya sha sabuwar riga, ƙeyarsa da ƙulu kamar ƙwai. Ya ce ta rufe ido. Ta ce tana ɗauke da yarinya. Ya ce to shi ke nan, ya buɗe ƙofar baya da hannu biyu, ya danna wani maɓalli. Fitilu suka fara ƙyalli, fanka ta tashi, akwatin kiɗa ya kama wata 'yar waƙa, tsuntsayen da aka liƙe da gam suka tsaya cak suna kallonta ta cikin leda.

Ta daɗe tana kallo. Ta sunkuya ta leƙa ta gefen raga. Ta zagaya ta ɗaya ƙofar ta leƙa ta can. Tsakanin matashin dama da na hagu, ƙarƙashin sandar soso, akwai wani ɗan fili da in aka matsa zai iya ɗaukar wayar hannu. Yaya ya sauke gilashin motarsa rabi. Jaririya ta yi hamma.

"Maigida, sannu da aiki. Ita yarinyar a ina za ta zauna?"

Ya dube ta kamar ta zage shi.

"Ki riƙe ta a cinya mana. Duk wahalar da na sha a kan kujerar nan, sai ki ɗauko yarinyar da ke tumbuɗi ki sa mini a ciki?"